Mararraba Mai Hawa Uku

Tun kafin zuwan mota ƙasar Hausa, mararraba wuri ne mai girma a zukatan matafiya. A nan ayari yake tsayawa madugu ya yi shawara da jagaba, a nan abokan tafiya suke sallama kowa ya kama gabansa, a nan kuma baƙo yake sauke kaya ya tambayi hanya. Da yake ana tsayawa, sai mai fura ta kawo ƙwaryarta, mai tsire ya haɗa tukuba, mai shayi ya kafa tebur. Kafin a jima an yi rumfa, an yi masallaci, an yi gari. Duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kaduna ya san Mararrabar Jos, wanda kuma ya shiga Abuja ta gabas ya san garin da ake kira Mararraba kawai. Har a wajen camfi Bahaushe bai bar mararraba ba, gama can ne boka yakan tura mai neman magani ya yi wanka ko ya binne laya, wai don ƙafafun jama'a su kwashe cutar su watsa ta uwa duniya.

Ita kanta kalmar abin dubawa ce ga ɗalibin harshe. Daga aikatau "rarraba" aka gina ta, aka ɗora mata ɗafa-goshin "ma-" mai nuna wuri, watau wurin da ake rarrabuwa. Akwai 'yar'uwarta "mahaɗa", wadda ta dubi abin ta ɗaya fuskar, amma ba ta yi farin jinin ta farkon ba. Ga alama abin da ya fi tsaya wa matafiyi a rai shi ne rabuwa da abokin tafiya. Da mota ta zo sai aka aro wasu kalmomi daga Ingilishi. Kanawa suka ɗauki "kwana", suka sami Kwanar Ɗangora da Kwanar Dawaki. Mutanen Sakkwato da Zamfara kuwa suka ɗauki "lamba", saboda allon da akan kafa a bakin hanya, suka sami Lambar Tureta da Lambar Bakura. Ko wane suna aka kira wurin da shi, sharaɗinsa ɗaya ne: mota takan rage gudu, mutum yakan ga mutum.

A zamanin nan an sami wata irin mararraba wadda aka gina ta musamman don kada kowa ya tsaya. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikinsu, watau Gadar Hotoro ta birnin Kano, ta idon wani dattijo mutumin Gidan Goga wanda ya san wurin kafin a gina ta, ya ga gininta, kuma har yanzu a gefenta yake neman abinci.

Gadar Hotoro

A gabashin Kano, a unguwar Hotoro, manyan hanyoyi biyu suka gicciye juna. Ta farko ita ce hanyar Maiduguri, wadda ta fito daga cikin gari ta bi ta Mariri, inda babbar kasuwar goro take, ta haye kogi a Wudil, ta wuce Azare da Fataskum da Damaturu har ƙasar Barno. Ta biyu ita ce wadda aka yi don ta kewaye birnin ta gabas, ta taso daga titin Zariya wajen Na'ibawa ta je ta faɗa titin Haɗeja. Duk babbar motar da ta fito daga kudu za ta gabas, ko ta fito daga gabas za ta kudu, nan take bi don ta kauce wa tsakiyar gari. Bugu da ƙari ga ma'ajiyar man fetur a nan Hotoro, tankoki suna shiga suna fita. A da shataletale ne kawai a wurin, kuma wanda ya taɓa faɗawa cunkosonsa da la'asar sakaliya ba ya bukatar a ba shi labari.

A zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje aka rushe shataletalen aka gina gada mai hawa uku, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta ranar 30 ga Janairu, 2023, aka kuma sa mata sunansa, ko da yake a bakin jama'a Gadar Hotoro ce. Ba ita ce ta farko a Kano ba. An riga an yi gadar sama ta Ƙofar Nasarawa da gadar ƙasa ta Kabuga a zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, daga baya kuma aka yi ta Dangi a titin Zariya.

Hikimar irin wannan gini ba ta da wuyar fahimta. Inda hanya biyu suka gicciye, motar da ta fito daga kowace kusurwa tana da zaɓi uku: ta miƙe, ta yi dama, ko ta yi hagu. Masana aikin hanya sun lissafa wurare 32 da mota za ta iya cin karo da wata a irin wannan mararraba. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilu na 1972, juyawa hagu ce ta fi haɗari, domin sai direba ya ratsa gaban masu tahowa. Shataletale mai layi ɗaya yakan rage wuraren karon zuwa 8, amma idan motoci suka yi masa yawa sai ya cushe. Maganin da ya rage shi ne a raba hanyoyin sama da ƙasa: wannan ta haye bisa, waccan ta nutse ƙasa, masu juyawa kaɗai a bar musu tsakiya. Kadarkon Bahaushe ruwa yake tsallakewa. Wannan gada kuwa motoci take tsallakewa, kogin da ba ya ƙafewa rani da damina.

Dabarar ta daɗe a duniya. An buɗe irinta a Amurka tun 1929, a jihar New Jersey. A 1972 aka buɗe wata a birnin Birmingham na Ingila, wadda hanyoyinta suka sarƙe har mutanen wurin suka yi mata laƙabi da taliya. A 2005 mutanen Gana suka mai da shataletalen Tetteh Quarshie, kusa da filin jirgin saman Akara, irin wannan gada. Galibi a gefen babban birni akan same su, inda hanyar fatake ta haɗu da hanyar masu saurin kama jirgi.

Cin rani da damina

Dattijon da ake magana a kansa manomi ne, haifaffen Gidan Goga a ƙaramar hukumar Maradun ta Jihar Zamfara. Gero da dawa da wake yake nomawa, yana da shanun huɗa biyu da 'yan awaki. Manyan ayyuka ba baƙinsa ba ne. Yana saurayi aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda aka gama a 1978, har ya yi lebura a can rani biyu. Ya ga ruwa ya kwanta inda gonaki suke, ya kuma ji da kunnensa abin da ya sami manoman da suka tashi neman diyyarsu a 1980, sa'ad da aka rasa rayuka masu yawa. Tun daga lokacin, in ya ga babban aiki yakan yaba, sa'an nan ya tambaya a ransa ta kan wa zai bi.

A shekarar 2018 'yan bindiga suka yi ta kai hari a yankin Gidan Goga, aka kashe mutane da yawa. Aka kore shanunsa, noma ya gagara. Ya kwashe iyalinsa ya kai su gidan wani ɗan'uwansa a Talata Mafara, shi kuma ya hau mota ya yi Kano. Ba wannan ne zuwansa na farko ba, domin cin rani tsohuwar al'ada ce a ƙasarsu: in an gama kaka a tafi birni, in hadari ya fara haɗuwa a komo gida. Abin da ya bambanta wannan tafiya shi ne ruwa ya sauka bai koma ba. Ya ce bai san nauyin abin da ya same shi ba sai ranar da ya ji ƙamshin ruwan farko a kan kwalta, hannunsa riƙe da faifan goro maimakon kwashe.

Wani ɗan garinsu ne ya nuna masa sana'ar. Da sassafe ya je Mariri ya sari ƙwarya ɗaya ko biyu, ya yayyafa ruwa, ya rufe da tsumma, ya zo shataletalen Hotoro. Cunkoson da direbobi suke tsine wa shi ne gonarsa. Da motoci sun tsaya sai 'yan talla su bazu a tsakaninsu, mai ruwan leda da mai rake da mai gurasa da mai dafaffen ƙwai, shi kuma ya nufi manyan motoci, gama direban da zai kwana a hanyar Barno ba ya rabuwa da goro. Daga abin da ya samu yake ci, yake aika wa iyali.

Akwai kuma wani abin da yake samu wanda ba kuɗi ba. Tagar motar da ta tsaya ƙofar labari ce. In ya ji harshen direba ya karkata yamma, ya ji "wanga" da "shina", sai ya matsa ya yi sallama ya tambayi daga ina. In aka ce daga Gusau ko Ƙauran Namoda, sai ya tambayi hanya, ya tambayi damina, ya tambayi farashin gero. Sau da yawa kafin layi ya motsa ya sami wanda ya san wani da ya sani. Wata rana ma a haka ya ji rasuwar abokinsa na ƙuruciya, daga bakin yaron mota, tsakanin karɓar kuɗi da miƙa canji.

A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan wayar salula a Jihar Zamfara, aka kuma hana cin kasuwannin mako, duk don a toshe wa 'yan bindiga hanya. A wannan lokaci aikin gada ya kankama a Hotoro, an haƙa ƙasa, ana kafa ginshiƙai, an karkatar da motoci. Makonni suka shuɗe dattijon bai ji muryar kowa nasa ba. Kullum ya buga lambar ɗansa, kullum ba ta shiga. Yana tsaye cikin ƙura yana kallon ƙarfe da siminti suna tashi sama don a rage wa matafiya mintoci, shi kuwa saƙon "muna lafiya" ya gagara isowa gare shi. A waɗannan makonni direbobin nan ne kaɗai wayarsa.

Hawa na sama

Da aka buɗe gada, cunkoso ya ragu ƙwarai, kasuwar 'yan talla ta ragu tare da shi. Motar da za ta miƙe ba ta da dalilin taka burki. Waɗansu suka koma bakin tasha, waɗansu suka bi motoci zuwa inda sabon cunkoso ya koma, gama gada ba ta rage yawan mota, matsar da ita gaba take yi. Dattijon ya sami gindin wata inuwa kusa da inda ƙananan motoci suke sauke fasinja, ya ajiye faifansa. Ciniki ya ragu, labari kuwa ya fi ciniki raguwa.

Yana da ɗan ƙane da yake karatu a jami'a a nan Kano, wanda yakan zo gaishe shi ranar Asabar. Wata rana yaron ya ce, "Baba, shekara nawa kana zaune a gindin gadar nan ba ka taɓa hawanta ba? Yau sai ka hau." Ya tare mota suka shiga. Kafin dattijon ya gyara zama sun haye sun gangara. Ya waiga ya ce, "Har mun wuce?" Yaron ya ce, "Mun wuce, Baba. A da nan wurin sai mu yi rabin awa." Dattijon ya yi shiru, can ya ce, "Lalle an yi aiki. Amma ɗana, ban ga kowa ba. Wagga mararraba, ina mutum ka tsayawa shi gaisa da ɗan'uwa nai?"

Kada mai karatu ya ɗauka dattijon yana ƙin gadar ne. Shi da kansa yakan ba da labarin wata mata da naƙuda ta kama a cikin tsohon cunkoson, mijinta ya fito yana roƙon direbobi su ba da hanya, alhali babu inda za su matsa. Yanzu yakan ga motar asibiti ta shige kamar kibiya, ya ce alhamdu lillahi. Bai taɓa cewa a mai da shataletale ba. Abin da ya lura da shi kawai shi ne, wanda ya zana gadar ya lissafa mota ya lissafa tanki, amma mai faifai da mai tafiya a ƙasa da tsohuwar da za ta tsallaka da jikanta sai su nema wa kansu dabara.

Daga inda yake zaune, in sama ta yi garau, yakan hango jirgi can arewa yana saukowa filin Malam Aminu Kano. A wurinsa wannan shi ne hawa na huɗu. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan Ingila uku suka iso Kano daga Masar. Kafin jirgi ya zama abin hawan alhazai, gabas ɗin nan da hanyar Maiduguri ta nufa ita ce hanyar Makka: a ratsa Barno da Cadi da Sudan a ƙasa, ana tafe ana ƙwadago. Kakan dattijon haka ya tafi, ya shekara bakwai kafin ya komo, kuma ya komo ya tarar da gidansa da gonarsa. Jikansa kuwa yana kallon abin da ke kai mutum Jidda tsakanin hantsi da la'asar, amma garinsu da ke cikin ƙasa ɗaya da shi ya yi masa nisa. Alhazan Zamfara sun daɗe suna tashi daga filin jirgin Sakkwato. A watan Maris na 2021, bayan sace 'yan makarantar mata ta Jangebe a ƙasar Talata Mafara, har hana jirage shawagi a samaniyar jihar aka yi. A 2024 aka ƙaddamar da aikin filin jirgin sama a Gusau. Da aka gaya wa dattijon ya yi murna, ya ce Allah ya sa wanda ya sauka ya iya ƙarasawa gida.

Hanyar gida

Sau ɗaya ko biyu a shekara yakan je ganin iyali. Motar takan fita Kano ta Kabuga, ta bi Gwarzo da Malumfashi da Funtuwa, ta shiga Zamfara ta Tsafe, ta isa Gusau. Daga nan a kama hanyar Sakkwato, a wuce Bunguɗu da Maru har Talata Mafara. Tafiyar tana da ƙa'idodin da ba a rubuta a kan allo ba. Ba a yin sammako ƙwarai, ba a kuma bari la'asar ta yi a daji. In direba ya ga an jima mota ba ta taho daga gaba ba, sai ya rage gudu, hira ta mutu, kowa ya kama salati. A nan mararraba tana nan da ranta, har ta fi da. A kowace lamba akan tsaya, kuma tambayar ɗaya ce: "Hanya lafiya?" A da gaisuwa ce da ake amsawa ba tare da tunani ba. Yanzu direba yakan dubi idon mai amsawa kafin ya sa giya. Daga Talata Mafara zuwa Maradun, daga can zuwa Gidan Goga, wannan kuma sai an ji labari mai daɗi, wani lokaci sai da rakiya. Sau biyu dattijon yana kai wa bakin hanya yana juyowa.

Masu nazarin tarihi sun san wannan ba sabon abu ba ne a yankin. A 1853 Baturen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya taso daga Katsina ya bi ta Zurmi za shi Wurno. Da ayarinsu ya zo Dajin Gundumi sai suka yi ta tafiya dare da rana babu zango, don tsoron mahara. Daga baya hanya ta yi lafiya, jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, aka yi ta ɗaukar gyaɗa da auduga, har aka haifi mutanen da suka yi zaton tafiyar dare haƙƙin kowa ce. Dattijon yana cikinsu. Yakan tuna lokacin da suke tasowa daga kasuwar Talata Mafara bayan magariba a kan keke, ba abin da suke tsoro sai kura da faci. Ashe lafiyar hanya aba ce da takan zo, takan kuma tafi in ba a tsare ta ba.

Kammalawa

Mutum ɗaya ke nan tsakanin mararraba biyu. A ɗaya an kashe dukiya mai yawa don kada matafiyi ya tsaya, a ɗaya kuwa tilas ya tsaya ya tambaya ko zai kai da ransa. Dukansu a ƙasar Hausa suke, kuma jini ɗaya ne yake gudana a cikinsu, domin hatsi da dabbobin da manyan motoci suke hawa gada da su daga ƙauyuka irin Gidan Goga suke fitowa. In manomi ya bar gona ya koma tallan goro, ko ba jima ko ba daɗe motar da ke bisa gada za ta ji a jikinta, mai sayen awo a birni ma haka. Masu iya magana sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Gaggawa tana da amfaninta, amma bayan lafiya take zuwa.

Saboda haka akwai kira ga ɓangarori uku. Masu zana gadoji su riƙa tunawa da mai tafiya a ƙasa, su ware masa matsallaka, su kuma tanadi wuri ga masu ƙananan sana'o'in da aikin zai tasa. Masu riƙe da amanar jama'a su dubi hanyar ƙauye da idon da suke duban ta birni, gama tsaron mil goma na daji ya fi wa talaka gada mai hawa goma. Ɗaliban Hausa kuma suna da nasu aikin. Sunayen lambobi da kwanoni da zangunan fatake, da kalmomin da direbobi da 'yan talla suke ƙirƙira kullum, da labaran mutanen da rashin tsaro ya raba da garuruwansu, duk suna bukatar a tattara su a rubuta tun masu su suna da rai. Yawancinsu ba su da nisa. Suna nan a gindin gadojin da ɗalibi yake hayewa in za shi lacca.

Dattijon dai har yanzu bai sayar da gonarsa ba, ko da yake an taya. A cikin jakarsa akwai ɗan ƙullin irin gero da ya taho da shi, wanda yakan ba wani mai gona a bayan Mariri ya shuka masa kunya biyu kowace damina don kada irin ya mutu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowane baƙo gidansa, amin.